MAGANI DAGA ƘASAR GONA

A tarurrukan ƙungiyoyin gama-kai ana yawan yi mana tambaya a kan maganin kaji da na shanu. Masu kiwo suna cewa maganin da dā a kan zuba wa kaji a ruwa kwana uku su miƙe, yanzu sai a yi mako guda ana ba su, ba wani sauƙi. Waɗansu suna zargin masu kanti, wai jabu su ke sayarwa. Lalle akwai jabu a kasuwa. Amma ko magani na ainihi ma yakan kasa yanzu, ga dabbobi da mutane duka. Don haka muka ga ya kamata a wannan fitowa mu bayyana inda irin wannan magani ya ke fitowa, da kuma wani aiki da masana su ke yi domin a sami sababbi. Maganar tana da ɗan tsawo. Muna roƙon magatakardan ƙungiya su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, ko da a zama biyu ne.

ƘANSHIN RUWAN FARI

Kowane manomi ya san ƙanshin da ƙasa ta ke yi sa'ad da ruwan fari ya sauka. Masu wannan ƙanshi waɗansu ƙananan halittu ne da ke zaune cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana suna kiran irin waɗannan halittu bakteriya. A cikin cokali guda na ƙasar gona mai taki akwai ɗaruruwan miliyoyinsu. Kaɗan ne daga cikin bakteriya su ke kawo cuta. Yawancinsu ma'aikata ne. Su ne ke ruɓar da kara da kashin shanu su zama taki. Su ne ke zaune cikin ƙulle-ƙullen saiwar gyaɗa da wake suna ƙara wa gona ƙarfi. Su ne ke sa madara ta zama nono, su kuma sa kalwa ta zama daddawa.

Dangin da ke ba da ƙanshin nan sunansa Streptomyces. Suna yaɗuwa cikin ƙasa kamar siririn zare. Tun da ya ke abinci bai ishi kowa ba a can ƙasa, sukan fitar da wani irin dafi domin su kori maƙwabta daga inda su ke ci. Wannan dafi shi ne mu ke saye a kemis da sunan maganin kashe ƙwayoyin cuta, watau antibayotik. Kimanin kashi 2 cikin 3 na irin waɗannan magunguna da aka samo daga halitta, daga wannan dangi da 'yan'uwansa na kusa suka fito.

Fenisilin ne aka fara sani, shi kuwa daga funfuna ya fito, irin wadda kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu. Alexander Fleming ya lura da shi a Landan a 1928. Samun isasshe shi ne wuya. A 1941 an gwada shi a kan wani ɗan sanda a garin Oxford, ya fara samun sauƙi, maganin ya ƙare, mutumin ya rasu. Sai da aka kai aikin Amurka, aka riƙa ciyar da funfunar da ruwan jiƙon masara, kafin aka samu da yawa.

A 1943 wani ɗalibi mai suna Albert Schatz, a ƙarƙashin malaminsa Selman Waksman, wanda masanin ƙasar gona ne a jami'ar Rutgers, ya samo istireftomaisin daga Streptomyces. Shi ne magani na farko da ya iya da tarin fuka. Daga nan sai kamfanonin magani suka bazama neman ƙasa ko'ina a duniya. Suka roƙi matafiya da ma'aikatansu na ƙasashen waje da masu aikin mishan su riƙa aiko musu da ƙasa a ƙulle. Wani mai mishan a tsibirin Borneo ya aika wa abokinsa ƙullin ƙasa, a ciki aka sami bankomaisin, wanda har yau likitoci ke ajiyewa domin cuta mai taurin kai. Terramycin da kowane mai shanu ya sani ya fito a 1950, daga ƙasar jihar Indiana. Tailosin na kaji daga ƙasar Tailan aka samo shi. Akwai ma wani mai suna daftomaisin, wanda aka amince da shi a Amurka a 2003, asalinsa ƙasar da aka ɗebo daga Dutsen Ararat ce, inda jirgin Nuhu ya tsaya.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Japan. Satoshi Omura ya ɗebo ƙasa kusa da wani filin wasa, daga halittar da ke cikinta aka yi aibamektin. An fara sayar da shi a 1981 domin tsutsar ciki da kaska na dabbobi. A 1987 kamfanin Merck ya fara ba da shi kyauta da sunan Mectizan domin makantar da baƙin ƙudan rafi ke kawowa. Da yawa cikinmu mun tsaya a jikin sandar awo an ba mu ƙwayoyin nan. A Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Jamhuriyar Nijar ta rabu da yaɗuwar wannan cuta, ita ce ta farko a Afirka.

ABIN DA YA SA RIJIYAR TA JA BAYA

Bayan wajen shekara 20 ana wannan haƙa, sai samu ya ragu. In an ɗebo sabuwar ƙasa an gwada, tsofaffin magungunan nan a ke sake samu. Dalili kuwa, a cikin bakteriya 100 na ƙasa, da ƙyar guda 1 ta ke yarda ta yi girma a ɗakin bincike. Sauran kamar zabin daji su ke, ba su kiwuwa.

To, me ya hana a haɗa maganin da hannu, yadda a ke haɗa asfirin ko takin zamani? Bari mu ɗauki eritiromaisin misali, gama shi za mu bi har ƙarshen wannan bayani. Wani likita ɗan ƙasar Filifin, Abelardo Aguilar, shi ya aika da ƙasar da aka same shi a ciki a 1949, kamfanin Eli Lilly ya fara sayar da shi a 1952. A kan ba da shi domin ciwon huhu da tari mai shiƙa, musamman ga wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin. Ginin ƙwayarsa kamar ƙawanya ne mai gaɓa 14, da sukari iri biyu a rataye a jiki. A wurare da yawa kowace gaɓa tana iya fuskantar dama ko hagu, in ɗaya ta karkace sai maganin ya lalace, kamar mabuɗin da aka kuskure haƙori guda. Robert Woodward na jami'ar Harvard, wanda a zamaninsa ba wanda ya fi shi iya haɗa irin waɗannan abubuwa, ya sa hannu a aikin tare da mutane kusan 50. An ba da labarin gamawa a 1981, shekara 2 bayan rasuwarsa. Sun nuna ana iyawa, amma ba mai iya sayen maganin da aka yi ta wannan hanya.

Saboda haka har yanzu halittar ƙasa ce ke yin eritiromaisin. Ana kiwonta cikin manyan tankunan ƙarfe, ana ciyar da ita da sitaci da garin waken soya, ana hura mata iska wajen mako guda, kana a tace maganin daga ruwan. Ashe masana'antar magani ma wani irin kiwo ne.

AURE IRIN NA MANGWARO

Duk wanda ya taɓa yi wa mangwaro aure zai gane abin da za mu faɗa. A kan sami ɗan mangwaro mai ƙarfin saiwa, mai jure fari, amma 'ya'yansa duk zare. A kan yanko reshe daga mai daɗi a ɗaura masa. Gindin ya ba da ruwa da abinci, reshen ya ba da 'ya'ya irin nasa. Tunanin masana ke nan: a ɗauko iyawar yin magani daga halittar daji mai wuyar kiwo, a ɗaura wa wata mai sauƙin kiwo.

Amma iyawa ba reshe ba ce da za a yanka da wuƙa. Ina ta ke? A cikin kowace halitta, mutum ko dawa ko bakteriya, akwai wani dogon zare da a ke kira DNA. Shi ne ke riƙe da gado. A jikinsa akwai rubutu da baƙaƙe 4 kaɗai, ana ta jera su iri iri. Kowane yanki na rubutun umarni ne na yadda za a yi wani ma'aikaci guda a cikin jiki. Irin wannan yanki za mu kira shi layin gado. Abin mamaki shi ne, rubutun iri ɗaya ne ga dukan halitta. Layin da aka ciro daga wata halitta, wata dabam tana iya karanta shi.

A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer a Kalifoniya suka nuna ana iya yanka zaren nan a inda a ke so, a liƙa shi a jikin wani ƙaramin zoben DNA, a sa zoben cikin bakteriya, ita kuwa ta bi umarnin, ta kuma gadar wa 'ya'yanta. Bakteriyar da suka yi aiki da ita sunanta E. coli. Tana zaune cikin hanjin mutum da na dabba. Akwai irinta mai kawo zawo, amma wadda a ke kiwo a ɗakin bincike an daɗe da horar da ita. In ta sami abinci da ɗumi takan rabu biyu cikin minti 20, don haka abin da aka shuka da yamma da safe ya cika kwalba. A 1982 aka fara sayar da insulin na masu ciwon sukari wanda E. coli ta yi. Dā daga jikin aladu da shanu a ke tatso shi.

Insulin kuwa mai sauƙi ne in an gwada da antibayotik. Shi ɗan gajeren rubutu ya ishe shi. Antibayotik sai ma'aikata da yawa sun taru, kowa da layin gadonsa, kowa da lokacin aikinsa. Kamar a ce maimakon reshe guda, za a ɗauke dukan ƙauye, da maƙeri da masaƙi da marini, a kai su wani gari, a ce su ci gaba da sana'a.

Sa'ar da aka yi ita ce, layukan gadon magani guda sukan zauna kusa da juna a jikin zaren, kamar unguwa ɗaya. David Hopwood da mutanensa a garin Norwich na Ingila su suka tabbatar da haka. A 1984 suka ɗauke dukan unguwar wani magani mai launin shuɗi daga wata Streptomyces suka sa wa wata, ita ma ta fara yinsa. A 1985 suka gauraya layukan iri biyu, aka sami sababbin magunguna 'yan gauraye waɗanda ba a taɓa gani ba. Waɗannan ba su yi amfani a asibiti ba, amma sun buɗe ƙofa.

YADDA A KE GINA ERITIROMAISIN

A 1990 da 1991 ƙungiyoyin masana biyu, ta Peter Leadlay a Cambridge da ta Leonard Katz a Amurka, suka karanta rubutun da ke gina ƙawanyar eritiromaisin. Abin da suka gani ya yi kama da ranar gayyar ginin majami'a, sa'ad da mutane suka yi layi ana miƙa tubali hannu da hannu. Akwai manyan ma'aikata 3, kowanne da mazauni 2, mazauni 6 ke nan. Na farko ya karɓi tushen, ya ɗora tubali guda, ya gyara shi, ya miƙa wa na biyu. Na biyu ya ɗora nasa, ya juya shi dama ko hagu yadda aka umarce shi, ya miƙa gaba. Haka har na shida. A ƙarshe akwai mai ƙulle bakin, ya mai da sarƙar ƙawanya. Bayan wannan waɗansu ƙananan ma'aikata su ƙera sukarin nan biyu su rataya, waɗansu su yi 'yan gyare-gyare na ƙarshe. Jerin layukan a jikin zaren daidai ya ke da jerin aikin. Wanda ya iya karatun yana iya duban rubutun ya faɗi kamannin abin da za a gina.

Nan take masana suka ga abin da wannan ke nufi. In an canja mutum guda a layin, ko an ba shi wani irin tubali, ginin zai fito dabam. Watau ana iya yin sabon magani ta wurin gyara rubutu.

Kai wannan gayya cikin E. coli ya ci shekaru. Da farko an sa layukan, E. coli ta yi ma'aikatan, amma suka zauna ba su aiki. Ashe kowane mazauni yana bukatar wani ɗan hannu da zai riƙe tubalin, E. coli kuwa ba ta iya ɗaura musu shi ba. Sai aka aro layin gadon mai ɗaura hannun daga wata bakteriya, Bacillus subtilis. Matan zumunta masu yin daddawa sun daɗe suna kiwon wannan iri ba su san sunanta ba, gama ita ce ke nunar da kalwa. Bayan wannan sai ga wata matsala: E. coli ba ta yin irin tubalin da a ke bukata. Aka aro mai buga tubali daga Streptomyces, aka kuma toshe hanyar da E. coli ta ke bi ta cinye kayan aikin. A 2001 Blaine Pfeifer da Chaitan Khosla na jami'ar Stanford suka ba da labari cewa E. coli ta yi ƙawanyar. Ƙawanya tsirara ce, ba sukari, ba ta kashe kome tukuna. Sai a 2010 Pfeifer da ɗalibansa a jami'ar Tufts suka kammala eritiromaisin sosai cikin E. coli.

Akwai wani layi da ya zama tilas a haɗa da shi, muna so ku riƙe shi a rai. Halittar da ke yin dafi tana da makarinsa, in ba haka ba da ta kashe kanta. Saboda haka aka ba E. coli layin makarin ma. Za mu komo kan wannan.

Nawa aka samu? Wajen miligiram 10 a lita guda. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 za ta ci lita 50 ke nan, jarka biyu manya. Halittar asali, wadda kamfanoni suka yi shekaru suna zaɓen irinta kamar yadda mu ke zaɓen zangarniyar iri, tana ba da ninkin wannan sau ɗaruruwa. Don haka kada kowa ya ce muku eritiromaisin na kemis E. coli ce ta yi shi. Amfanin aikin yana wani wuri. E. coli tana da saurin girma da sauƙin gyara, ta zama kamar fegin gwaji na malamin gona. A 2015, a jami'ar Buffalo, Pfeifer ya canja masu ƙera sukarin, ya sami sababbin irin eritiromaisin fiye da 40. Guda 3 a cikinsu sun kashe bakteriyar da ta riga ta gagari na asali. A cikin kwanon gwaji ne, ba a jikin mutum ba.

ZABIN DAJI DA LAYUKAN DA KE BARCI

A ganinmu babbar riba tana nan. A 2002 aka gama karanta dukan zaren Streptomyces ɗin nan ta Hopwood. An daɗe da sanin tana yin abubuwa uku ko huɗu. Da aka karanta sai aka ga unguwanni fiye da 20. Yawancinsu barci su ke yi a ɗakin bincike, ba su farkawa sai a cikin ƙasa, watakila sa'ad da abokin gaba ya matso. Ashe rijiyar ba ta ƙafe ba, guga ne bai kai ba.

Yanzu ba lalle sai an kiwata halittar ba. Ana iya wanko DNA daga ƙasa kai tsaye, a karanta da na'ura, a nemi unguwar da ta yi kama da ta magani, a ɗaura ta a kan bakteriya mai horo. Ta haka Sean Brady na jami'ar Rockefeller ya samo malasidin a 2018, wanda ya warkar da miki mai taurin kai a fatar ɓeraye. A 2019 Kim Lewis da mutanensa a Boston suka samo darobaktin daga bakteriyar da ke zaune cikin wata ƙaramar tsutsar ƙasa. Mai shi kaɗan ta ke bayarwa, sai aka kai layukan cikin E. coli domin a sami na gwaji.

Daga ɓera zuwa asibiti tafiya ce ta shekara 10 ko fiye, yawanci kuma a hanya su ke faɗuwa. Ko wanda ya kai ma ba shi da tabbacin kasuwa. Wani kamfani mai suna Achaogen ya sami izinin sayar da sabon antibayotik a 2018, a 2019 ya karye. Likita mai hankali yakan ɓoye sabon magani sai ta ɓaci, mai sayarwa kuwa ciniki ya ke so.

DARASIN TAZARGADE

Akwai labari guda da ya shafi manoma kai tsaye. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem, tushensa wani ganye ne ɗan'uwan tazargade, wanda ƙananan manoma ke shukawa a Sin da Biyetnam da Madagaska da gabashin Afirka. Farashinsa yakan hau ya sauka kamar na tumatir. Jay Keasling na Kalifoniya ya fara ɗaura layukan ganyen a kan E. coli a 2003, daga baya ya koma kan yisti irin na burodi, wanda ya fi karɓar auren. A 2013 kamfanin Sanofi ya buɗe masana'anta a Italiya domin wannan aiki. Mutane da yawa suka ce manoman ganyen sun shiga uku. Sai ga shi manoma sun shuka da yawa, kilo ya faɗo ƙasa da dala 250, na tanki kuwa yana tsakanin 350 da 400. A 2015 kamfanin bai yi ko kaɗan ba, daga baya ya sayar da masana'antar.

A wannan karo gona ta ci tanki. Amma ba mu ce kullum haka za a yi ba. Ƙungiyar da wani ya zo ya lallashe ta ta bar hatsi ta shuka ganyen magani domin kasuwar waje, ta fara tambaya ko akwai masu ƙoƙarin yin abin nan a tanki, ta kuma nemi yarjejeniyar saye a rubuce.

TAMBAYOYI BIYU DA DATTAWA KAN YI

Ta fari, ashe wannan ba shisshigi ba ne cikin aikin Mahalicci? Masu bi ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba, ba kuwa za mu yanke wa Ikkilisiya hukunci a takardar noma ba. Ga dai yadda mu ke gani. Masanan nan ba su halicci kome ba. Rubutun da suka tarar su ke kwafa, sau da yawa ma da kuskure. Allah ya ba mutum hankali ya nemi magani, ya kuma ba shi amanar duniya, don haka tilas a yi hattara. A lura kuma, bakteriyar magani a rufe ta ke cikin tanki, ruwanta a ke tacewa. Wannan dabam ya ke da irin shuka da a ke kaiwa gona, kamar waken SAMPEA 20-T na cibiyar Samaru da aka fitar a 2019, wanda aka sa masa layin wata bakteriyar ƙasa domin tsutsar da ke huda kwanso. Shi wannan yana bukatar nasa bayani a wata fitowa. A Nijeriya an kafa dokar lura da irin waɗannan ayyuka a 2015.

Ta biyu, ƙasar wa? Likita Aguilar ya nemi rabonsa daga ribar eritiromaisin, har ya rasu bai samu ba. Wannan ba adalci ba ne. A 2010 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Nagoya cewa wanda ya ɗauki irin wannan arziki daga wata ƙasa sai da izini, a kuma raba amfani. In baƙo ya zo ɗibar ƙasa ko saiwa a gonakin ƙungiya domin bincike, ba laifi ba ne a karɓe shi da ruwan sha, a kuma tambaye shi takardarsa.

MU KOMA KAN KAJINMU

Mun ce ku riƙe maganar makari. Tun da ya ke masu yin dafi suna da makari, layukan makari sun daɗe a cikin ƙasa tun kafin a buɗe kemis na farko. Bakteriya kuwa sukan miƙa wa juna ƙananan zoben nan na DNA, ko da ba dangi ɗaya ba ne. Zoben da Cohen da Boyer suka yi aiki da shi a 1973, makarin tetirasaikilin ne a jikinsa. Watau abin da masana ke yi da wahala, ƙwayoyin cuta suna yinsa kullum a akurki da turke, ba su biyan ko kwabo.

Ga yadda abin ke tafiya. In aka ba kaza magani kaɗan, ko aka daina kafin kwanakin su cika, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu makari su saura, fili ya zama nasu. Kamar noman da aka cire ciyawa mai taushi aka bar ƙuduji ya zuba iri. Maganin yana nan da ƙarfinsa, cutar ce ta canja. Fleming kansa ya yi wannan gargaɗi a 1945. Daga kashin kaji ƙwayoyin su shiga taki, su shiga rijiya, su hau hannun yaro. Wani babban lissafi da aka buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 mutane miliyan 1.27 suka mutu saboda cutar da ta gagari magani. In an gwada da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi ko'ina, wajen mutum 27 cikin kowace 100,000.

Al'adar zuba magani cikin abincin dabba mai lafiya domin ta yi saurin ƙiba a Amurka ta fara, wajen 1950. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana ta tun 2006. Mu ma ba mu ga dalilin da ƙungiyar Ikkilisiya za ta riƙa yi ba. Haka kuma buɗe kafso na mutane a zuba wa kaji. Annobar nan ta hunturu da ke share kaji, wadda malaman dabbobi ke kira Niyukasil, ba bakteriya ce ke kawo ta ba, antibayotik ba ya taɓa ta ko an zuba buhu. Rigakafi ne maganinta, ana kuwa yinsa a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Kwalba guda takan ishi kaji da yawa, in an buɗe kuma ba ta kwana, shi ya sa ya fi kyau ƙungiya ta sa rana ɗaya a yi wa na kowa.

Kowace ƙungiya ta sami littafi guda da mutum guda mai riƙe shi. A rubuta sunan maganin da aka saya, da dabbar da aka ba, da ranar farawa da ta gamawa. In wani magani ya kasa sau biyu, a kai littafin wurin malamin dabbobi kafin a sayi wani. Kashin dabbar da ke shan magani a tara shi a rami ya ruɓe sosai kafin a kai lambu, nesa da rijiya.

Abin da ya fi wuya shi ne kwanakin jira. Bayan an gama ba da magani, yakan saura cikin ƙwai da madara da nama. Kwanakin suna rubuce a jikin kwalba. Ga allurar shanu mai daɗewa a jiki yakan kai mako 3 ko 4 kafin a yanka. Mun sani gwauruwa mai kaji goma ba ta iya zubar da ƙwan mako guda, kai saniya marar lafiya mahauta da sauri kuma ya fi sauƙi ga aljihu. Nan ne asusun ƙungiya zai yi aiki. A taro mai zuwa a tattauna ko za a ware wani abu daga kuɗin wata-wata, a riƙa biyan ɗan ƙungiya rabin kuɗin ƙwai ko madarar da ya riƙe, in sunansa da kwanakin suna cikin littafin.